Gidan Trimbach da farar giyarsu, da gaske ne tun 1626 suke?

Ƙanina na ga saƙonka. Ka ce an mayar da kai ɓangaren abinci na otal ɗin da kake aiki a Abuja, manaja ya miƙo maka jerin abin sha ya ce ka haddace saboda baƙi suna tambaya, kuma a ciki akwai wasu kwalabe dogaye sirara masu takarda ruwan ɗorawa an rubuta Trimbach da shekarar 1626 a jiki. Kana son sanin ko da gaske gida ɗaya ya yi wannan daɗewar ko kuwa daɗin bakin 'yan talla ne, me ya sa kwalba uku duk an rubuta musu Riesling amma kuɗinsu ko kusa ba ɗaya ba, sannan wai ita farar tana bugarwa ne ko irin ta biki ce.

Bari in fara da ta ƙarshen don ita ce ba ta son wasa. Giya ce, tana bugarwa sarai, farin nan launi ne kawai. Barasar da ke ciki tana kaiwa kashi 12 zuwa 13 da 'yan kai cikin ɗari, wata ma ta taɓa 14, wato ta ninka giyar kwalba ta mashaya sau biyu har da ɗori. Ba abin da ya haɗa ta da ruwan inabin nan mai gas da ake fasawa a wurin dina ko bazday. Don haka in baƙo Musulmi ko wani da ba ya sha ya nuna ta da yatsa yana zaton lemo ne, ka gaya masa tun kafin ka taɓa murfin. Ni kaina ba na sha, abin da ya kai ni harkar shi ne noman itatuwa masu 'ya'ya da na karanta a Faransa, aka tura mu koyon aiki a gonakin inabi na yankin Alsace ɗin da wannan gidan yake, na yi yanka a gona na yi awon sukari da tsami a ɗakin gwaji. Inabin na ci, ruwansa sabon matsa na sha, ita giyar kuma hanci da na'ura da mutanen da sana'arsu kenan su suka ba ni labarinta. Maganar hukuncin aikin naka kuwa ka kai wa malamai, ni noman da sana'ar zan maka bayani.

Toh 1626 ɗin gaskiya ce amma ka gane me take nufi. A shekarar ce aka shigar da sunan wani Jean Trimbach a matsayin ɗan gari a Riquewihr, wani ƙaramin gari mai ganuwa a gindin duwatsu, daga nan zuri'ar take ƙirga kanta a harkar inabi. Ba wai a ranar aka kafa kamfani da allo a ƙofa da kwalabe masu takarda ba, a zamanin ma ai a ganga ake cinikin giya. Kuma ka dubi lokacin da ya zo, ana tsakiyar yaƙin nan na shekara talatin ne, 1618 zuwa 1648, wanda ya yi wa Alsace kaca-kaca, ƙauyuka suka zama kufai gonaki suka koma jeji, ga yunwa ga annoba. Maƙwabtansu gidan Hugel su ma a Riquewihr ɗin suke, su daga 1639 suke ƙirga tasu. Daga baya 'yan Trimbach suka koma ƙauyen Hunawihr wajejen 1840, bayan yaƙin duniya na ɗaya kuma suka sake matsawa Ribeauvillé inda gidan yake har yau, kuma kar ka ji ana cewa sun yi ƙaura ka zaci wata tafiya ce, garuruwan ukun a jere suke, mai ƙafa ma zai taka su da hantsi ya dawo kafin la'asar. 2026 ce ta cika musu shekara 400, zuri'a ta 13 kenan ke cikin aikin.

Wanda ya fito da sunan gidan duniya ta sani shi ne Frédéric Emile Trimbach, ya kai giyarsu wani baje koli a Brussels a 1898 ta ci babbar lamba. In ka duba takardar jikin kwalbar da kyau za ka ga F.E. Trimbach, harufan sunansa ne.

Abin da ni ya fi burge ni ba yawan shekarun ba ne, irin shekarun ne. Alsace tana kan iyakar Faransa da Jamus, kogin Rhine ne ya raba su, kuma ƙasashen biyu sun yi ta fizgar ta tsakaninsu. 1871 Jamus ta karɓe, 1918 ta dawo Faransa, 1940 Jamus ta sake mamayewa, 1945 ta sake dawowa, kaga wanda aka haifa a 1869 in ya yi tsawon rai sai ya canza ƙasa sau huɗu bai taɓa barin ƙofar gidansu ba. Ga mai sayar da giya wannan ba labarin tuta ba ne kawai, duk canji kasuwarsa ce ke rushewa, kwastomomi su zama 'yan ƙasar waje dare ɗaya, doka ta canza haraji ya canza har yaren da za ka rubuta a takarda ya canza. Lokacin da suke hannun Jamus an fi tura manoman yankin su yi giya mai yawa mai araha wadda ake gaurayawa da wasu, ga kuma wani ƙwaro da ake kira phylloxera da ya shigo Turai daga Amurka a ƙarni na 19 yana cin saiwar inabi ya kashe gonaki ba iyaka. Maganin da aka samo shi ne aure, irin dai yadda ake wa mangwaro, a samo gindin inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa a ɗaura masa reshen inabin Turai a kai, har yau kusan duk kuringar inabi, wato itacensa, da za ka gani a can mai aure ce, in ka duƙa za ka ga ƙullin wurin haɗin dab da ƙasa. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu kuma an yi ƙazamin faɗa a kewayen Colmar, wani birni a yankin, ƙauyukan inabi irin su Bennwihr da Mittelwihr da Sigolsheim aka baje su, kuma ba su da nisa da gidan Trimbach ko kaɗan. Shi ya sa ma Alsace ba ta samu cikakkiyar dokar kare sunan giyarta ba, wadda ake kira AOC, sai 1962, alhali wasu yankunan Faransa tun 1936 suka samu.

Yanzu ƙasar. Duwatsun Vosges suna yamma da yankin, hadarin da ke tasowa daga teku sai ya juye ruwansa a ɗaya gefen kafin ya tsallako, don haka Colmar tana cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa, wajen milimita 600 a shekara, Zariya ma ta fi ta samun ruwa nesa ba kusa ba. Gonakin suna kan gangaren gindin duwatsun suna kallon gabas da kudu, rana ta same su da sassafe, kaka ta yi tsawo ba ruwa sosai, da rana ɗumi da dare sanyi. Wannan sanyin daren shi ne rabin sirrin, domin zafi ne ke ƙone tsamin da ke cikin ɗan inabi, in dare ya yi sanyi sai inabin ya nuna a hankali sukari ya taru tsamin kuma bai gudu ba. Manomanmu na wajen Kudan a jihar Kaduna da ke noman inabi sun san zancen ta ɗaya fuskar, namu na ci ne, zaƙi ake nema da girman ƙwaya, su kuwa can ƙaramar ƙwaya mai tsami suke so. Sannan ƙasar Alsace ɗin ba iri ɗaya ba ce saboda a zamanin da can ƙasa ta tsage ta rufta inda kwarin Rhine yake, shimfiɗun dutse suka karye suka hau juna, sai ka tsallaka hanya ɗaya ka bar farar ƙasa ka shiga yumɓu, ka ƙara gaba ka tarar da jan dutse mai yashi. Ka riƙe wannan don shi zai amsa maka maganar kuɗi.

Yadda ake yin farar kuwa ba wani tsafi. Ruwan cikin inabi kusan duk fari ne ko da fatar baƙa ce, launin a fata yake, toh in ana son ja sai a bar ruwan ya jiƙa da fatar kwana da kwanaki, in fara ake so ana kawowa daga gona sai a matse a raba ruwan da fatar nan take. A bar shi ya kwanta gurɓin ya sauka, a ɗebe na saman a zuba a tanki, yis ya shiga cin sukarin yana mayar da shi barasa da iska, kusan duk giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi ɗaya na barasa. Ana yi ne a sanyaye don kar ƙamshin ya tashi ya bi iska. In aka bar yis ya cinye sukarin tas sai giyar ta fito ba zaƙi, ita ce za ka ga an rubuta sec, in aka tsayar da shi a hanya ko inabin ya yi zaƙin da ya fi ƙarfinsa sai ta fito da saura. Na tuna safiyar yanka a watan Oktoba, raɓa da sanyi yatsu sun ƙage ga almakashi a hannu, kana cika bokiti wani na zuwa da wani dogon kwando a goye ka juye masa ya haura ko ya gangara da shi, kuma kafin a fara sai an matsa ɗigon ruwan inabi a kan gilashin wata 'yar na'ura a ɗaga ta sama a leƙa kamar mai duban wata, layin da ya fito shi ke gaya maka sukarin ya kai ko a ƙara kwana biyu. Ƙwayar Riesling ƙarama ce, kore mai shiga ɗorawa da 'yan ɗige-ɗige ruwan ƙasa, in ka tauna zaƙin na zuwa tsamin na bin sa a baya har ka ji a dasashi.

Shi Riesling sunan irin inabin ne ba sunan kamfani ba. Yawancin Faransa sunan gari ko yanki suke rubutawa a kwalba, Alsace ce ta saba rubuta sunan irin, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na abin da yankin ke yi fara ce. Ita doguwar kwalbar ma ba gayu ba ne doka ce, kuma tun 1972 dole a can cikin yankin za a ɗura.

Toh a nan ne gidan Trimbach ya bambanta da jama'a, kuma in ka tambaye ni wannan ne ainihin abin da suke sayarwa, ba 1626 ɗin ba. Sun tsaya a kan salo ɗaya sun ƙi motsi. Riesling ɗinsu ba zaƙi, tsamin a tsaye, ba sa saka ta a sabuwar gangar katako da za ta ba ta ƙamshin itace, tankin ƙarfe ne da tsofaffin manyan ganguna da suka daɗe da daina ba da wani ɗanɗano. Akwai kuma wani juyi na biyu da ake barin giya ta yi bayan na yis, wasu ƙwayoyin halitta su mayar da tsamin nan mai kaifi irin na ɗanyen tufa ya koma mai laushi irin na nono, yawancin jar giya da fara da dama ana barinsu su yi, su Trimbach ba sa bari, kaifin suke so. An yi wani zamani da masu yi da yawa a Alsace suka riƙa barin sukari a giyarsu saboda shekaru sun ƙara zafi inabi na nuna fiye da kima kuma kasuwa na son abu mai laushi, har ya zama mutum zai sayi kwalba bai san ko mai zaƙi ce ko marar zaƙi ba sai ya buɗe, abin ya dami masu gidajen abinci sosai, sai daga girbin 2021 aka wajabta a nuna matakin zaƙin a jikin takarda. Su Trimbach duk wannan ruɗanin bai taɓa su ba, wanda ya ga takarda ruwan ɗorawa ya san me zai tarar a ciki, ko a Tokyo ya saya ko a New York. Shi ya sa masu otal ke son su, ba sa ba ka kunya a gaban baƙo.

Mu zo kan kwalabenka uku. Ta farko mai takarda ruwan ɗorawa da aka rubuta Riesling kawai, ita ce ta yau da kullum. Inabinta daga gonaki daban-daban ne, wasu nasu wasu na manoman kewaye da suke saye a hannunsu, a gauraya a fitar da abu ɗaya da ya yi kama da na bara. Ana yin ta da yawa, ba a daɗe da ajiye ta, kuɗinta da sauƙi. Ni a ganina a ita ake gane gida, domin fitar da abu mai kyau daga gona ɗaya ta musamman ba abin mamaki ba ne, amma ka haɗa kayan mutane da yawa shekara da shekaru ya riƙa fitowa daidai, wannan sai wanda ya iya.

Ta biyu mai takarda ruwan zinare, Cuvée Frédéric Emile, sunan kakan nan nasu aka sa mata, an fara yin ta a 1967. Daga gonaki biyu take da ke kan tudun da ke bayan gidan nasu a Ribeauvillé, Geisberg da Osterberg, in ka tsaya a harabar ka ɗaga kai su za ka gani. Geisberg tsaye take sosai har sai da aka yi mata matakala da gini, tana kallon kudu, ba maganar inji a irin wurin sai hannu. Ana barin inabin ya daɗe a jiki kafin a yanka, kuma bayan an ɗura ba a fito da ita kasuwa sai ta yi shekaru a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa.

Ta ukun ita ce Clos Sainte Hune, in har otal ɗinku na da ita toh ka riƙe ta da hannu biyu. Gona ɗaya ce tak a Hunawihr, hekta 1.67, wato eka huɗu da 'yan kai, a tsakiyar wani fage mai suna Rosacker wanda shi gaba ɗayansa wajen hekta 26 ne. Ta fi shekara 200 a hannun zuri'ar, an fara ɗura ta da sunanta a 1919. Ƙasar wurin farar ƙasa ce irin ta tsohon gindin teku, in ka fasa dutsen wani lokaci har ɓawon dodon koɗi za ka gani a ciki, tana riƙe danshi daidai ba ta jiƙewa ba ta bushewa ƙayau, kuringar kuma tsofaffi ne da yawa sun kai shekara 50. Tsohuwar kuringa ba ta yin 'ya'ya da yawa amma saiwarta ta yi nisa, shekarar fari ba ta firgita shekarar ruwa ba ta kumbura 'ya'yanta da ruwa. Abin da gonar ke bayarwa a shekara bai kai kwalba 10,000 ba, kuma duniya ce gaba ɗaya ke layi, ga shi sai ta yi wajen shekara biyar ko fiye a ajiye kafin a saki. Yi lissafin da kanka, ka yi noma bana ka biya ma'aikata ka sayi kwalba da toshiya, kuɗin ba zai dawo ba sai yaron da aka sa a aji ɗaya ya kusa gama firamare. Wannan jiran yana cikin farashin. Shi ya sa take ninka ta farkon sau goma ko fiye. Ko ta fi ta daɗi sau goma? Masu sha da na sani ba wanda ya taɓa ce min haka, abin da suke cewa shi ne tana yarinya a rufe take kamar ba komai sai tsami da ƙamshin lemon tsami da jiƙaƙƙen dutse, sai ta shekara goma sha ko ashirin take buɗewa, kuma kaɗan ne cikin farar giya ke iya kai wannan shekarun ba su mutu ba. Sauran kuɗin kuma gaskiya na ƙarancinta ne da suna, kar wani ya ruɗe ka. Zanen cocin da ke jikin takardar na Hunawihr ne, coci ne mai katanga da mutanen ƙauyen ke fakewa a ciki lokacin yaƙi, Katolika da Furotesta suna amfani da shi tare, ita kuma Hune ɗin wata mata ce ta ƙarni na 7 da ake ba da labarin tana wanke wa marasa lafiya da talakawa kaya.

Akwai abin da baƙon da ya san harkar zai iya gwada ka da shi. Alsace na da fagage 51 da doka ta ware ta ce su ne na gaba, ana kiransu Grand Cru, an fara da Schlossberg a 1975 aka yi ta ƙarawa har na ƙarshe Kaefferkopf a 2007. Rosacker da Geisberg da Osterberg duk suna ciki. Amma shekaru da yawa Trimbach sun ƙi rubuta Grand Cru a manyan kwalabensu, su da Hugel da wasu tsofaffin gidaje, hujjarsu ita ce an shata iyakokin da faɗi har an shigo da gonakin da ba su kai ba don a faranta wa kowa rai a ƙauye. Ita Frédéric Emile ma tunda haɗin fage biyu ce ba ta da sunan fage ɗaya da za ta ɗauka. Da gaskiyarsu a maganar iyaka, amma ni dai na san akwai lissafin kasuwa a ciki, wanda sunansa ya riga ya fi tambarin hukuma tsada me zai sa ya shiga layi ɗaya da maƙwabcin da jiya ya fara. Daga baya dai sun sassauta sun fito da wasu kwalabe masu ɗauke da sunan fage da Grand Cru ɗin a rubuce, irin su Geisberg da Schlossberg, kana iya cin karo da su.

Ta yaya gona ta kai zuri'a 13 ba ta watse ba, wannan ita ce tambayar da ba ka yi ba amma ta fi sauran amfani a wurinmu. Kar ka zaci su ba su da matsalar gado. Tun dokar Napoleon ta 1804 kowane ɗa a Faransa yana da kason da ba a isa a hana shi ba, mace da namiji, kuma hakan ya daddatsa gonaki ba kaɗan ba, akwai wata shahararriyar gona a Burgundy mai suna Clos de Vougeot, hekta 50 ce amma masu ita sun kai wajen 80, wani layi kaɗan kawai gare shi. Mu ma mun san yadda gandu ke ƙarewa, maigida ya rasu a ja igiya kowa ya kama gayaunarsa, jikoki su sayar wa mai fuloti. Abin da irin waɗannan gidajen ke yi shi ne a zuba ƙasar da sana'ar a cikin kamfani, magada su gaji hannun jari ba yanki-yankin gona ba, mai aiki a ciki ya ɗauki albashi wanda ba ya yi ya jira rabon riba, gonar dai tana nan ɗaya. Sannan a gidan Trimbach an daɗe ana raba aiki tsakanin 'yan'uwa biyu, ɗaya yana gona da ɗakin ajiya ɗaya yana yawon duniya da jaka yana tallatawa. Bernard da Hubert haka suka yi, bayansu Pierre ya kama haɗa giyar daga 1979 ƙaninsa Jean ya kama kasuwa, sannan 'ya'yansu irin su Anne suka shigo. Kowa da fagensa ba a haɗa hannu biyu a akushi ɗaya, kuma wanda zai dasa kuringa yau ya san sai shekara ta uku za ta fara ba shi wani abu, mai kyan kuma ɗansa ne zai gani.

Ba Riesling kaɗai suke yi ba, sai dai sauran zan bi su da sauri. Pinot Blanc ita ce mai sauƙi ba hayaniya. Pinot Gris ta fi kauri da nauyi a baki, fatar inabinta ma ba fara ba ce tana da ɗan ja-ja. Gewurztraminer kuwa ko makaho zai gane ta, ana buɗewa ƙamshin fure da kayan yaji zai cika wurin, ƙwayarta ce na fi jin daɗin ci a gona don kamar an fesa mata turare, tsaminta kaɗan barasarta da yawa, babbarsu a gidan ita ce Cuvée des Seigneurs de Ribeaupierre, sunan sarakunan da suka yi mulkin garin ne waɗanda kangon gidajensu uku ke kan dutse har yanzu. In ka ga an rubuta Vendanges Tardives toh an bar inabin ne ya wuce lokaci a jiki, in kuma Sélection de Grains Nobles ne wata irin fumfuna ce ta kama ƙwayar ta tsotse ruwan ta bar sukarin, a bi ana tsince su, waɗannan masu zaƙi ne ƙwarai kuma ba kowace shekara ake samu ba, an yi musu doka a 1984.

A wajen aiki, abin da zai fi haɗa ka rigima da baƙo shi ne wari. Tsohuwar Riesling tana fitar da wani ƙamshi mai kama da kananzir, wallahi kananzir, wani sinadari ne da ke taruwa a cikinta in ta daɗe musamman in inabin ya sha rana. Ba lalacewa ba ce, masu son ta ma nemansa suke, don haka in baƙo ya ce an zuba masa fetur kar ka rikice ka kira manaja a yi masa bayani. Wadda ta lalace daban take, za ka ji warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe, wannan daga toshiyar ne kuma canza masa za a yi ba gardama. Sai kuma wadda zafi ya dafa, ita ce ta fi yawa a ƙasarmu, kwantena ta yi makonni a tashar ruwa a rana sannan a zo a jibge a sito ba AC, za ka ga toshiyar ta ɗan turo ko ruwa ya tsatso ya bushe a wuyan kwalbar, launin ya yi duhu fiye da shekarunta. Irin wannan tun wajen karɓar kaya ake mayar wa dila. Ajiyarta a kwance ne a wuri mai duhu da sanyin da ba ya hawa da sauka, wajen digiri 12 zuwa 14, ba kusa da kicin ba kuma ba inda wuta ke ɗaukewa firji ya huce ya sake kamawa ba. In za a kai tebur mai takarda ruwan ɗorawa tana son sanyi wajen digiri 8 zuwa 10, manyan biyun kuma kar a kashe su da ƙanƙara, 11 ko 12 ya isa in ba haka ba ƙamshin da mutum ya biya kuɗinsa ba zai fito ba. Wanda ya yi odar kifi ko kaza marar yaji Riesling ake nuna masa, wanda ya ce a kawo masa farfesu ko wani abu mai barkono sosai Gewurztraminer ko Pinot Gris sun fi jurewa, don marar zaƙin nan in ta haɗu da attaruhu sai ta ƙara wa bakin wuta. Kuma kafin ka buɗe ko wacce ka juya takardar ta kalli baƙon ya karanta sunan da shekarar da kansa ya gyaɗa kai, musamman in Clos Sainte Hune ce, don in ka buɗe wadda ba ita ya nema ba albashinka na wata ba lallai ya biya ta ba.